Mai Bayanin Shuɗin Magariba

A bakin titin Samaru, inda ake shiga motar Sabon Gari, wani dattijo yana tsaye cikin tsohuwar kwat, tabarau ɗinsa ɗaure da zare. Ina zaton malamin kimiyya ne mai ritaya, wanda mutanen gida suka gaji da sauraronsa. Rana ta faɗi, yana nuna wa Ƙauna, wata mai gasa masara, sararin sama.

"Ƙauna, kin ga shuɗin nan? Iskar ozon ce can sama take shanye rawaya da ja daga hasken rana, ta bar mana wannan."

"To, Baba. Motarku fa ta cika."

Motar ta tashi ta bar shi, ta uku ke nan. Ko a jikinsa. Sai ya juyo wajena yana murmushi, ya samu sabon ɗalibi.