Dalla-dalla da Injin Cika Kwalabe

Shekara goma sha huɗu ya yi yana gyaran injuna a masana'antar cika kwalabe kafin ya taɓa rubuta wa kwamfuta umarni. Abin da ya tura shi koyo, wata rana bel ɗin da ke jan kwalabe ya tsaya cak. Ya buɗe manhajar da ke sarrafa injin, ya tarar da haruffa da lambobi zalla, M47, X12, babu bayani ko ɗaya. Wanda ya rubuta ta kuwa ya bar aikin tuntuni. Kwana biyu suna lalube, ashe wani ɗan makunni ne a ƙofar injin ya saki.

Da hannunsa ya faɗa a rubuta manhaja, aka ba shi tebur a ɗakin sarrafawa, jikin tagar da ke kallon bel ɗin. Kowane abu a cikin manhajar sai ya sa masa sunan da masu gyara ke kiransa da shi: famfon tanki na biyu, makunnin ƙofar baya. Ƙarƙashin kowane mataki ya rubuta dalilinsa. In inji ya tsaya, allo ya faɗi inda za a duba. Ba ya sallama aiki sai abokinsa Dogo, tsohon mai gyara, ya karanta. In Dogo ya yamutsa fuska, a sake. Daga nan suka laƙaba masa Dalla-dalla.

Wani sabon injiniya ya duba aikin ya ce, "Baba, abin da ka yi a layi ɗari uku, ni a arba'in zan gama shi."

"Za ka iya," in ji shi. "Amma mai karantawar a tsaye yake, hannu duk baƙin mai, ga manaja a kansa."

Da idonsa ya yi rauni ya ajiye aiki. Kullum wayarsa na gefen kujera, ko za su neme shi in wani abu ya cije. Cikin wata shida kira ɗaya ya shigo, shi ma Dogo ne ke tambayar mabuɗin kabad.

Matarsa ta ce, "Malam, ai kai ka jawo. Ka bayyana musu komai, su kira ka su ce me?"

Bai musa ba. Ya yi 'yan kwanaki babu walwala, daga baya ya koma gyara wa maƙwabta fanka da dutsen guga a baranda. Ita ke karanta masa ƙananan rubutun jikin kayan, tana yi tana mita.