Matar da Ke Mayar wa Ƙasusuwa Sunayensu

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakin gwaji na asibiti, can ƙarshen baranda, inda ko masu shara sai sun ga dama suke leƙawa. Ta rataye mayafi, ta zura farar riga da safar hannu, ta duba sanyin firji. Daga nan har la'asar ba ta da abokin hira sai ƙugin inji. Shekara ashirin da shida ta yi a haka. Anti ake ce mata, kuma da yawa a asibitin ba su san ainihin sunanta ba.

Aikinta gano gawar da ba a san mai ita ba. A kawo mata guntun ƙashi ko haƙori, ta wanke, ta niƙe, ta tatso DNA, wato ƙwayar halittar da kowa ya gada daga uwa da uba. Sai ta sa a injin da ke ninka ta har ta isa karantawa, ta gwada da yawun dangin da ke cigiya. Likita ke sa hannu a takardar sakamako, shi kuma ake yi wa godiya.

Direban motar asibiti ne ya ba ni labarin wani tsoho. Ambaliya ta tafi da motar da 'yarsa take ciki, ba a ga gawarta ba. Duk wata sai ya zo ya zauna a benci, ya tambaya, ya koma. A shekara ta tara masu haƙar yashi suka tono ƙasusuwa. Ruwa ya cinye su, sau biyu gwaji bai nuna komai ba. Haƙori ɗaya ya rage, in ya lalace shi ke nan.

"Anti, ki haƙura," in ji shugaban sashen. "Ƙashin nan ya mutu murus."

"Ranka ya daɗe, da ma ai da matattu nake aiki."

Sati uku ta yi a kan haƙorin, tana kankarar saiwarsa kaɗan-kaɗan. Sai ga DNA ɗin haƙorin ta dace da ta tsohon. Ranar ce kaɗai aka taɓa ganin ta fito wurin masu jira. Ta durƙusa gabansa.

"Baba, an samu 'yarka."

Ya daɗe yana kallonta. "Ke wace ce, 'yata?"

"Ma'aikaciya ce, a ciki nake."

"To, zan iya daina zuwa ke nan?"

Ta gyaɗa kai. Ya rufe fuska da hularsa. Ita kuwa ta koma ciki ta zauna, ba wanda za ta faɗa wa. A gida ma haka: mijinta ya rasu, 'ya'ya sun yi nisa.

Anti, ke ce mai haƙurin da ba a gani. Ke kika ba iyaye kabarin da za su tsaya a kansa su yi addu'a, ba su ko san fuskarki ba. Ranar da kika ajiye aiki mutum huɗu suka raka ki bakin ƙofa. Mun makara, amma mun gode. Allah Ya saka miki da alheri.

Ku kuma matasa masu karatun kimiyya, wata biyu ke nan ana neman wanda zai gaje ta, ba wanda ya nema. Yau da safe na ga wata mata a ƙofar asibitin, riƙe da hoton ɗanta, tana tambayar ina ake gwajin.