Tsakanin Yatsun Babana

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ƙafar babana ba safa ba. Hedimastan firamare ne shekara da shekaru, kuma a wurinsa wanda ya yi boko ba ya fita ƙofar gida da silifas. Safa da baƙin takalmi sau-ciki, ko coci za shi, ko kasuwa, ko duba gonar citta. Shi ya yi ritaya, takalmin bai yi ba. A unguwarmu a Kafanchan har tsokanarsa ake yi wai da safa aka haife shi, shi kuwa yabo yake ɗaukar maganar.

Shekara biyu bayan rasuwar Mama, a farkon Azumin Kirista, Katakis ɗin cocinmu ya zo da albishir. An sa Baba cikin dattawa goma sha biyu da Fada, limamin cocin, zai wanke wa ƙafa ranar Alhamis Mai Tsarki. Ina falon, na kawo masa abincin Lahadi kamar yadda na saba, kuma na san darajar wannan kujera a wurinsa. Kowace shekara in ya dawo daga coci sai ya jero waɗanda aka zaɓa, ya faɗi wanda ya koyar a aji uku da wanda ya zane saboda latti. Shi ba a taɓa kiransa ba, bai kuma taɓa cewa abin ya dame shi ba, sai dai tuwo ba ya shiga a ranar.

"Ka gaya ma Fada na gode," in ji Baba. "Amma a ba wani."

"Haba, Baba Hedimasta! Sunanka ya riga ya shiga fa."

Katakis na fita na tasa shi gaba. Taurin kai a wurinsa na gada, don haka na zauna a bakin ƙofa na ce ba inda zan je sai na ji dalili. Can ya sa ƙafa ɗaya ya tuɓe takalmin ɗayar har da safa. Warin ya riga ganin isowa. Fatar tsakanin yatsun ta yi fari ta jiƙe kamar rogon da ya kwana a ruwa, ta tsage, gefen ya yi ja. Cin ruwa ne, ciwon manoma da damina, ga mu kuwa ko ɗigo bai sauka ba.

Na tambaye shi me yake sawa. Ya ce man birki, wani bakanike tsohon ɗalibinsa ya ba shi. Ya nuna mini abin shafawar: gashin kaza a ɗaure a bakin tsohuwar bulalarsa ta makaranta. Na yi ta faɗa a kan man birkin, ban tsaya tunanin bulalar ba. Na ɗauka ƙyama ce ta hana shi sa hannu.

Wata ƙawata nas ta ce mini akwai likita a Jos da ba ta duba komai sai ƙafa. Baba ya yi mita tun daga tasha har muka gama hawan tudu, wai mutum ya ƙare wannan dogon karatu ya ɓige a ƙafa.

Likitar ba ta kai ni shekaru ba. Ta jawo gajeriyar kujera, ta ɗora ƙafar a cinyarta bisa tawul, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta yamutsa fuska ba. Ta kankari fatar kaɗan don gwaji, ta sa aka auna sugansa, aka same shi lafiya. Ta ce ƙwayar cuta ce dangin fumfunar burodi, laima da duhu take so, kuma Baba ya gina mata gida mai kyau. Man birki kuwa ƙona fata kawai yake yi. Ta rubuta man shafawa safe da yamma, ta ce kada a daina don ƙaiƙayi ya tsaya. Safa ta auduga, a canja kullum. Takalmi biyu, ɗaya a ƙafa, ɗayan a shanya a rana. Tawul nasa shi kaɗai, domin ana ɗauka. Abin da ya fi komai, a busar da tsakanin yatsu bayan wanka.

"Baba, gwada mini yadda kake share ƙafa," ta ce.

Ya karɓi tawul ya sunkuya. Hannun ya tsaya a ƙwauri. Ya ja numfashi ya sake gwadawa, bayansa ya ƙi lanƙwasawa.

"Wa ke yi maka a da?"

"Mamansu ne yake yi," ya ce yana kallon bango. "Ya tafi gida."

A nan na tuna takalman da Mama take jerawa a kan kwanon akurkin kaji kowace rana. Na girma ina ganinsu, na ɗauka tsabar son aiki ne irin nata. Shekara biyu ina kai masa abinci, ina tambayar hawan jini, idona bai taɓa sauka ƙasa da gwiwarsa ba. Na ji kunya ƙwarai, har yau ma ina ji.

Mako biyar ina hawa mashin da sassafe in biya gidansa kafin ofis, in sake biyawa in na tashi. Shi yana kujera ya rufe fuska da tsohuwar jarida, ni ina ƙasa da tawul da magani. Ba ma hira. Silifas ne muka fi yin rigima a kansa, daga ƙarshe ya yarda zai sa a cikin gida kawai, labule a sake. A mako na uku ƙaiƙayi ya tsaya, ya ce an gama. Na ce likita ba ta ce ba. A na biyar fatar ta haɗe, muka koma Jos ta duba, ta ce zai iya nuna ta a gaban kowa.

Ya aika wa Katakis cewa zai zauna, da sharaɗi biyu: kujerar ƙarshe, da tawul ɗinsa. Katakis ya ce ba a taɓa yi ba. Baba ya yi masa darasi a kan tawul ɗaya da ƙafa goma sha biyu har mutumin ya gaji ya amince.

Ranar da yamma coci ya cika. Daga layin matan zumunta ina hango shi, ya tuɓe takalmi, ƙafar fara sol, ba ta san rana ba. Fada, matashi ne, ya iso kansa a gajiye, ya zuba ruwa, ya goga tawul sama-sama, ya yunƙura zai tashi.

"Fada," in ji Baba, da muryar da yake kiran aji, "tsakanin yatsu."

Dariya ta tashi daga baya. Fada ya koma ya durƙusa, ya bi yatsun ɗaya ɗaya. Baba bai yi dariya ba, idonsa a rufe yake.

A hanyar gida na tambaye shi yaya ya ji. Ya ce Fada ya yi ƙoƙari. Muka wuce gida biyu ko uku kafin ya ƙara.

"Mamanki daga ƙaramin yatsa yake farawa."

Mako biyar ina farawa daga babban, bai taɓa ce mini komai ba. Washegari na fara daga ƙaramin. Ya ɗaga jaridar sama, ya ƙara rufe fuskarsa da ita.