Kaka da Kunkurun Tele

Warin gabu ne yake mayar da ni can. Idan ka taɓa bin babbar hanyar Madawa da bazara, lokacin da aka gama cire albasa, mata suna daka ganyenta suna dunƙulawa suna shanyawa a rana, ka san warin da nake nufi. Yana kama tufafi, yana shiga har ruwan randa. Ni dai duk sa'ad da na ji shi, sai in ga kaina kwance rigingine a gadon ƙarfe, ƙafata ta hagu rataye da igiya, ina jiran la'asar.

Ban kai shekara tara ba a lokacin. Ƙauyenmu yana kan dutse a ƙasar Allakaye, inda ruwa yake da nisa. Wata safiya muna dawowa daga rijiya a amalanken jaki, da tano, wato durom, cike da ruwa, jakin ya tsorata a gangare. Na faɗo, ƙafar amalanken ta bi ta kan cinyata. Mai ɗorin garinmu ya duba, ya ce wannan ta fi ƙarfin hannunsa, ƙashi ya huda fata, a kai ni asibitin 'yan mishan da ke bakin kwalta. Babana yana Najeriya cin rani, innata kuma tana da ɗanyen goyo. Saboda haka kakata, wadda ta haifi babana, ita ta naɗe tabarmarta ta ɗauki ƙwaryarta ta bi ni jinya.

Bari in gaya maka wace ce Kaka. Gajeriya ce, baƙa, mai zane a kumatu, muryarta kamar ta namiji. A gidan arna aka haife ta. Ubanta shi ke yanka a gindin dutse kafin a fita farautar shekara, kuma ita sai da ta yi 'ya'ya sannan ta fara salla. Ba ta ɓoye wannan ga kowa, ba ta kuma yin alfahari da shi. Bakinta ba ya jin tsoron maigari, ba ya jin tsoron jandarma. Mutum ɗaya ne tak a duniya ba ta iya kallo ta yi wa magana, shi ne babana, don shi ne ɗanta na fari. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba. In tana son ya ci tuwo, sai ta ce wa bango, "Tuwo na hucewa." In ya shigo ɗaki, sai ta sami abin yi a waje. Haka kunyar ɗan fari take a wurinmu, kuma Kaka ta riƙe ta da gaske.

A asibiti likita ya gyara ƙashin, aka rataye ƙafar, aka ɗaura mata jakar yashi tana janta. Aka ce haka zan zauna har ƙashi ya kama, ba tashi, ba juyi. Ka tuna yarinya ce da ta saba bin awaki a kan duwatsu. Kwanakin farko kuka nake yi har muryata ta dushe. Zafin bazara ya sauko daga kwanon rufi, bayana ya yi ƙuraje, ƙudaje suna bin bandeji. Kaka tana zaune ƙasa tana yi mini fifita, tana cewa, "Yi haƙuri, ƙawata, dutse bai zuwa ko'ina."

Akwai wata malamar asibiti a ɗakin yara, Kirista ce, Bahaushiya kamarmu, iyayenta mutanen wajen Galma ne. Kowa Madam yake ce mata. Ita ce take turo wani tebur mai ƙafafun taya bayan la'asar, da tele a kansa da na'urar kaset a ƙasa. Ta jona kuran, wato wutar lantarki, ta tura kaset, sai ga duniya ta buɗe. Kafin nan ban taɓa ganin zane yana motsi ba. Wani tsohon kunkuru ne mai tabarau, da wani ɗan akuya marar ji, da tsuntsuwa mai yawan tambaya, suna zaune gindin wata itaciya. Kunkuru yana koya musu ƙirga, da baƙaƙe, da ranakun mako, da wanke hannu kafin cin abinci. Ɗan akuya kullum sai ya yi kuskure, kunkuru kuma ba ya gajiya.

Matsalar ɗaya ce: da Faransanci suke magana. Mu kuwa da muke kwance a ɗakin, 'ya'yan manoma da makiyaya, babu mai ji. Madam tana fassara mana kaɗan, sai a kira ta wani ɗaki, ta bar mu da baki buɗe.

A rana ta uku ko ta huɗu Kaka ta gaji. Kunkuru ya ɗaga hannu yana yi wa ɗan akuya bayani, sai kawai muka ji wata murya mai kauri daga ƙasa tana cewa, "Kai ɗan akuya, uban wa ya ce ka ci takarda? Ga ciyawa, ga dusa, sai abin mutane?" Ɗakin ya ɗauki dariya, har wani yaro da aka yi wa aiki a ciki yana riƙe da ɗinkinsa yana roƙon ta bari. Ba ta bari ba. Daga ranar Kaka ta zama bakin kunkuru. Tana kallon hannunsa da idonsa, tana sa masa maganar Adar, daidai da buɗe bakinsa. Masu jinya daga ɗakunan manya suka fara zuwa suna tsayawa bakin taga.

Madam ba ta hana ta ba. Takan tsaya da tiren magani a hannu tana dariya, in an gama ta ce, "Inna, ba haka ya ce ba fa." Kaka ta ce, "To mi ya ce?" Madam ta gaya mata. Gobe in an sake sa kaset ɗin, sai ka ji Kaka ta saka gaskiyar a ciki, ta ƙara mata gishiri. Kaset ɗin ba su da yawa, ana ta maimaita su. Ta haka na riƙa jin abu biyu a lokaci ɗaya, Faransancin kunkuru a kunne ɗaya, Hausar Kaka a ɗayan, har suka fara haɗuwa a kaina. Na iya ƙirga. Na gane cewa alamar da ke jikin gadona lamba ce, kuma na san sunanta. Na daina kuka.

Ana nan gajimare ya fara taruwa a gabas, 'yan cin rani suka fara dawowa gida don shuka. Babana ya iso asibitin wata rana da azahar, da ƙurar mota a rigarsa. Mutum ne mai tsoron Allah, ya yi karatu wurin malamai a can inda yake cin rani, kuma gorin da aka yi masa yana yaro, na cewa shi jikan arna ne, bai taɓa barin zuciyarsa ba. A garinmu an riga an gaya masa cewa 'yarsa tana gidan Kirista, kullum ana nuna mata hotuna masu magana. Ya dafa kaina, ya dubi ƙafar, idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya ce wa Madam a kwance igiyar, gobe da safe zai tafi da ni, a ƙarasa a gida.

Madam ta yi masa bayani a hankali. Ta ce ƙashin bai gama kamawa ba, in aka sauke yanzu ƙafar za ta gajarce, zan yi ɗingishi har tsufana. Ta kira likita, shi ma ya faɗi haka. Babana ya saurare su da ladabi, ya ce ya gode, amma gara ɗingishin ƙafa da na zuciya. Suka ce ɗiyarsa ce, ba za su riƙe ta da ƙarfi ba, amma ya kwana da maganar.

Na juya ido ina neman Kaka. Tun shigowarsa ta ja mayafi ta koma lungu, ta ba shi baya, tana tsince wake. Ita kaɗai ce zai ji maganarta, ita kaɗai ce kuma ba za ta yi masa magana ba. Na san wannan sarai, shi ya sa na ja zane na rufe fuskata.

La'asar ta yi. Madam ta tsaya bakin ƙofa da teburin, tana shakka. Babana ya ce, "Shigo da shi. In gani da idona." Ya zauna a bakin gadona, ya harɗe hannu.

Kaset ɗin ranar na san shi ciki da waje. Ɗan akuya ya shuka ƙwayar gero, kullum da safe sai ya tone ya ga ko ta tsiro, kunkuru kuma yana nuna masa ranakun mako a jikin allo, yana koya masa jira. Aka fara, Kaka tana kan tsintar wakenta. Yara suna waiwayenta. Sai da kunkuru ya gyara tabarau ya ɗaga hannu, muryar nan ta fito daga lungu, ba ta ko juyo ba.

"Kai ɗan akuya. Kai ka shibka, ko mu munka shibka maka kana yawon duniya? Abu ya kama ƙasa, ka zo da ƙahonka za ka tone."

Ba wanda ya yi dariya. A tele ɗan akuya ya sunkuyar da kai, kunkuru ya ci gaba da nuna allo.

"Tsoro kake ji don gonar maƙwabci ce? Gero ko a gonar wa anka shibka shi, gero shi ka hita. Akwai wata tsohuwar akuya da na sani, gindin dutsen tsahi anka haihe ta, nan ta sha nono, nan ta yi wayo. Wa ya hana ta gane gabas? Ita ta haihi mai salla. Bar iri ya kwana, ɗan akuya. Wanda ya tsirar da waccan bai mutu ba."

Daidai nan tsuntsuwa ta fara waƙarta ta ƙarshe, Kaka ta koma kan wakenta kamar ba ita ba. Mata masu jinya kowa ta sami wurin kallo a ƙasa. Daga baya babana ya tashi, ya ɗauki buta, ya fita wurin da maza masu jinya suke salla a gindin dogon yaro.

Bayan magariba ya dawo, ya durƙusa kusa da kaina, ya yi ƙasa da murya. "Ke kina jin abin da kunkurun ga ke hwaɗi?"

Na ce ina ji.

"Mi ya ce?"

Na jero masa: lindi, mardi, merkiredi, har ƙarshe, na gaya masa kowace da Hausa, Litinin, Talata, Laraba.

"Shi ke nan abin da ya ce?"

"Shi ke nan, Baba."

"Sauran hwa?"

Na ce, "Sauran na Kaka ne."

Ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Ban taɓa ganin babana yana dariya irin wannan ba, marar sauti, har da hawaye. Da safe ya tafi shi kaɗai. Kafin ya fita ya tsaya tsakiyar ɗakin ya ce wa bango, "A gaida kunkuru. A ce mashi ɗan akuya ya ji." Kaka ta ce wa ƙwaryarta, "Allah shi kiyaye hanya."

Sai da gero ya kai gwiwa aka sauke ƙafata. Na koyi tafiya da sanda, na yar da sandar kafin lokacin kaka. Ƙafafuna biyu daidai suke, ka zo ka auna. Da aka buɗe lakkwal, makarantar boko, a shekarar, babana da kansa ya kama hannuna ya kai ni wurin malamin da muke ce wa mushe, ni kaɗai mace daga unguwarmu. Da yamma kuma in tafi makarantar allo. Bai ga abin da ɗaya zai rage wa ɗaya ba, ni ma ban gani ba.

Kaka ta rasu ina koleji. Na yi shekaru ina koyar da 'yan aji ɗaya a ƙauyukan Keita, yanzu kuma ina Tawa. Zamani ya juya. Abin da Madam take turowa a tebur mai taya, yau yana cikin aljihun kowa. Wasu matasa masu shirya zanen koyarwa na salula da tablet suka nemi wadda za ta yi muryar wata tsohuwar kaza mai koya wa 'yan tsaki baƙaƙe, da Hausa tun daga tushe, ba fassara ba. Na je, na tsaya gaban makirofo, na buɗe baki. Ban yi shawara da kowa ba game da muryar da zan yi.

Ina murna da wannan aiki, ba na ɓoyewa. Yaron ƙauye irin Garhanga yau ba ya bukatar kowa ya tsaya tsakaninsa da allo, da harshen uwarsa ake yi masa magana. Abin da nake gaya wa iyaye kawai shi ne su zauna kusa, su sa baki, su yi gardama da kazar in ta kama. Yaro shi kaɗai da salula a lungu yana koyon baƙaƙe, amma ba ya jin yadda manyansa suke tunani.

Bara da salla na je gida. Babana ya tsufa, idonsa ya yi rauni, yana zaune a zaure. Wata jikarsa ta zauna jikinsa ta kunna kazar a salular uwarta. Ya saurara, ya karkata kai, tasbaharsa ta tsaya a hannunsa. Bai dube ni ba, ni ce 'yarsa ta fari, kuma tun da na girma kunyar nan ta shiga tsakaninmu. Ya ce wa yarinyar, "Wagga murya na san ta. Maido ta daga hwarko."