Matar da ba ta san hanyar gona ba

Ɗiyata Rifkatu ce ke rubuta wannan, ni ban yi makaranta ba. Na ce mata ta sa shi yadda ya fito daga bakina, ko ta ji muryata ta karye kada ta gyara.

Ƙauyenmu a gindin dutse yake. Da damina, idan an gama cin tuwon acca, kakarmu takan hura wuta a ɗakin girki, mu zagaye ta muna gasa masara, hayaƙi yana sa mu hawaye. Ba ta fara tatsuniya yadda kowa ke farawa. Sai ta ce, "Ga wata nan tana saukowa daga dutse." Mu ce, "Ta ƙaraso, mun share mata wuri."

Akwai wadda ta fi yawan ba mu, ta wata mata mai suna Ladi. Gonar mijinta tana can saman dutse, inda rafi ya ɓuɓɓugo. Kullum shi ne gaba da sanda yana kaɗa ciyawa saboda macizai, ita tana baya da ƙwarya a ka, idonta a kan duga-dugansa. Haka ake tafiya a wajenmu. Sai mijin ya rasu a farkon ruwa, ga iri a rumbu, ga Ladi ba ta san hanya ba.

Ta tambayi rafi. Rafi ya ce, "Ni sauka na iya, ban taɓa hawa ba." Ta zauna tana kuka. Furannin bakin ruwa suka ce, "Baiwar Allah, shekara da shekaru kina wuce mu ba ko sannu." A nan Kaka takan maƙale murya har mu faɗi da dariya. Ladi ta gaishe su. Suka ce ta taka inda jajaye suka fito, ƙarƙashinsu dutse ne, ta kauce wa farare, ƙarƙashinsu laka ce. Haka ta hau har gona.

"Kaka, sai mijin ya dawo?"

"Ina fa! Ta dai shuka accarta. Ku kwashe ƙafafunku daga toka."

Mu mun ɗauka ana koya mana gaisuwa ne.

Maigidana Bulus ya rasu bara, cikin sanyi. Tun zuwanmu Manchester shi ne gabana. Shi ya san lambar bas, shi ke magana da GP, likitanmu, ni bayan rigarsa nake bi. Da ya tafi na daina fita daga flat ɗinmu na unguwar Hulme, ko coci sai an zo an ɗauke ni. Rifkatu ta ce, "Mama, this is not life. Ki tattara ki dawo wurina a Handsworth." Ni kuwa kujerarsa tana nan, hularsa tana rataye. In na bar ɗakin nan, ji nake kamar na sake binne shi.

Da gari ya yi ɗumi ta matsa mini, ta sa ni a mota zuwa wasu tsaunuka bayan gari. Na ce wane mai hankali ne zai hau dutse ba itace ba ganyen miya? Ta ce, "Mama, ki dai sa takalmin."

Hanyar siririya ce, tana bin wani rafi mai ruwa garai-garai. Ta miƙo mini sanda ta ce, "Yi gaba, in kin zame in tare ki." Na tsaya cak. A rayuwata ban taɓa taka daji ba babu mutum a gabana. Na duba inda duga-dugai ya kamata su kasance, babu. Furanni ne kawai, shuɗi-shuɗi a inuwar itatuwa, masu ruwan ƙwai a bakin ruwa, ban san sunan ko ɗaya ba. Na kira Bulus da ƙarfi. Na yi kuka har wasu masu wucewa da kare suka tsaya, Rifkatu ta ce musu ba komai.

Da kukan ya lafa na fara kaɗa ciyawa da sandar.

"Mama, babu maciji a nan fa."

"Ke kika ƙirga su?"

Na taka. Gwiwata na ƙara, numfashina na yankewa, amma ni na zaɓi kowane dutse har muka kai wata 'yar gada.

A kan gadar nan na tuna kakarmu ma ba ta da miji tun ban san kaina ba. Ashe labarinta take ba mu, mu muna ta dariya.

Har yanzu ina kukansa, kuma ban ga ranar dainawa ba. Amma na ce wa Rifkatu ta bar mini ɗakina. Ranar Lahadin da ta wuce na tsaya a tasha ni kaɗai. Ba na iya karanta lambar bas, sai na gaida wata mata na tambaye ta. Na isa coci an riga an fara waƙa, na zauna a baya.