Cike Kududdufin Kakanmu

Kwanakin baya ina cikin yelo-yelo, keken hayar nan mai ƙafa uku, za mu ratsa unguwar Lamashegu a Tamale, sai muka biyo ta gefen wata kwata da ta toshe. Wari ya bugo mu kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Kowa ya toshe hanci, matar da ke kusa da ni har da jan mayafi tana tsaki. Ni kuwa murmushi na kama, don na san warin nan tun ina 'yar firamare. Irinsa ne na kududdufin bayan gidanmu a unguwar Sakasaka.

Kakanmu, mahaifin babanmu, shi ya haƙa shi. Da ya sauka Tamale yana saurayi, daga nan ya ɗebi ƙasar da ya gina ɗakunan farko na gidan. Ramin ya tara ruwa, sai ya kewaye shi da lambu: lalo, wanda mu nan muke kira ayoyo, da alayyafo da yakuwa da barkono. Ya zuba 'ya'yan tarwaɗa a ciki. Manya suna cewa a da har daga wasu unguwanni ake zuwa sayen ganyen miya wurinsa. Ni ban riski wannan zamanin ba. Da na yi wayo, gidaje sun riga sun matse mu ta ko'ina, kuma ruwan wanka da na wanki da na wanke-wanke na maƙwabta duk can yake gangarawa. Ruwan ya yi kore, gansakuka ta rufe shi. Da yamma sauro ya taso kamar hayaƙi. Lambun ya koma kunya biyu, gwiwoyin tsoho sun gaza. Amma kullum da hantsi sai ya ja kujerarsa bakin ruwan, ya watsa wa kifinsa ragowar tuwo, yana kallon yadda suke ɓullo da gashin bakinsu.

Wadda abin ya fi ci ita ce Mma, mahaifiyarmu. Wache take sayarwa a ƙofar gida, wato dafa-dukan wake da shinkafa, kuma da shi ake yi mana kusan komai. In bazara ta kama, ruwan ya ja baya, sai warin ya ratsa gida ya fito har bakin titi. Masu saye suka fara ɗaukewa. Mutum ya tsayar da babur, ya shaƙi iska, ya tayar ya wuce. Mma ba za ta iya tunkarar surukinta da maganar cike ramin ba. Baba ya gwada, tsoho ya juya masa ƙeya.

Ni ce mai kai wa kakan abinci, kuma ni ce "amaryarsa", kamar yadda ake wasa tsakanin kaka da jika. Wata rana ya buɗe kwano da yamma, ya dube ni.

"Amarya, jiya wache, yau ma wache? Haka za ki riƙe mijin naki?"

Na ce, "Ba a saye ne, ango. Sun ce warin kududdufinka ya fi yajin Mma ƙarfi."

Da wasa na faɗa, ina jira ya kai mini duka da sandarsa in gudu. Bai yi dariya ba. Ya ci abincinsa tas. Da gari ya waye ya kira Baba, ya ce a cike ramin. Sai dai ba za a binne masa kifi da rai ba, ba kuma za a ci ko ɗaya ba.

Aka sa gayya ranar wata Asabar. In ka taɓa zama yaro a gidan da za a yi gayya, ka san yadda ƙafa take ƙin zama wuri ɗaya. Tun da sassafe samarin unguwa suka cika gida, Hausawa da Dagomba da Mosi, ana ta gaisuwa da harsuna uku. Aka jera layi daga bakin ruwa har babbar kwatar titi, bokiti na bin hannu. Mata sun ɗaure hanci da ɗankwali. Duk bokitin da aka ɗiba, warin sai ya ƙaru, mu kuwa yara murnarmu sai ta ƙaru tare da shi.

Kafin rana ta take, ruwa ya ƙare, saura baƙar laka. Sai lakar ta fara motsi. Ko'ina ka duba bayan tarwaɗa ne ke walƙiya. Ba wanda ya ba mu izini, muka faɗa ciki. Taɓo ya kama ni har cinya, da ɗumi kamar kunu. Ka damƙi kifi ya sulluɓe, ka sake damƙa ya watsa maka laka a ido. Can na hango wani ƙato ya lafe a gindin bango, kansa ya kai faɗin tafin hannun Baba. Na faɗa masa da ƙirji na rungume. Ya yi ta dukana da wutsiya, ƙayarsa ta tsaga mini hannu, na ƙi saki har aka miƙo babbar roba. Da na ɗago, ba a ganin komai a fuskata sai haƙora. Kakan yana kan kujerarsa yana dariya har da tari.

Samari suka fara zancen farfesu. Tsoho ya ce, "Shekara da shekaru suna shan ruwan wankinku, yau kuma ku za ku sha romonsu?" Aka fashe da dariya, maganar ta mutu.

Aka cika robobi da ruwa mai kyau, aka ɗora mana a ka. Ƙanin Baba ya goya kakan a babur, suna tafe a hankali, mu muna biye a jere har dam ɗin da ke bayan gari, ruwa na fantsamo mana a wuya, mutane na tsayawa kallo. A bakin dam tsoho ya sa aka riƙe shi ya tsuguna. Shi da kansa ya karkata robar ƙaton nan nawa. Kifin ya ɗan tsaya a ruwa marar zurfi kamar bai yarda ba, sannan ya kaɗa wutsiya ya nutse.

Na zaci washegari za a zuba ƙasa a huta. Ashe aiki yanzu ya fara. Sai da aka kwashe baƙar lakar nan kaf a baro, don an ce in aka rufe ta a ciki za ta ci gaba da ruɓa, ƙasa ta riƙa zaftarewa, warin kuma ya riƙa tasowa. Mma ta bi gidaje tana tara toka, muka yi ta barbaɗawa. Aka bar ramin rana ta gasa shi har ƙasansa ya tsattsage. Sannan aka jera manyan duwatsu da fasassun bulo, aka bi da tsakuwa, tifa ta kawo jar ƙasa. Matan unguwa suka zo daɓe, suna yayyafa ruwa suna bugawa da madaɓi, duka na tafiya daidai da waƙa. Har ni aka ba ƙaramin katako.

Ana cikin haka maƙwabcinmu na gangare ya shigo, wani dattijo Badagombe, abokin hirar kakan. Ya zagaya wurin, ya ce da Hausarsa, "Malam, ruwa ba ya mutuwa. Kun rufe gidansa, yanzu gidana zai zo."

Gaskiyarsa ce. Aka haƙa magudana tsakanin katangarmu da tasa har zuwa kwatar titi, aka shafe ta da siminti. Ruwan wanka kuma aka yi masa rami daban, aka cika da duwatsu aka rufe, ya riƙa tsotsewa ƙasa. Daga nan sai jiran sama.

Ruwan farko da la'asar ya zo, da iska mai ɗaga kwanon rufi. Duk gida muka tsaya a baranda, ido na kan jar ƙasar nan. Ruwa ya taru a kanta, ya yi ta juyi kamar baƙon da ya tarar an tashi. Ya kama hanyar magudana, muka fara tsalle. Sai ya tsaya. Leda da ganyen da iska ta kwaso sun toshe bakinta, ruwa ya cika ya fara lasar gindin katangar maƙwabci, katangar kuwa ta ƙasa ce. Baba ya cire riga ya fita a guje. Dattijon ya ɓullo ta ɗaya gefen da fartanya. Mu yara muka bi su, muna yaƙusar shara da hannu. Can sai abin ya ɓalle, ruwa ya kwarara da ƙugi, ja wur, ya nufi titi. Mma ta rangaɗa guɗa daga baranda. Ban taɓa jin ta yi guɗa ba sai ran nan.

Bayan ruwan ya ɗauke, kwaɗi suka firfito suka zazzauna a kan daɓen suna kuka, mu muna tsallake su. Kafin damina ta yi nisa, babura sun koma tsayawa a ƙofar gida, tukunyar Mma na ƙarewa tun hantsi. Kakan ya sa aka cika masa tsofaffin buhuna da ƙasa ya shuka ayoyo a ciki. Bai sake ambatar kududdufin ba har ya bar duniya.

Yau an gina ɗakuna a wurin. Unguwar duk ta zama siminti, ba sauran rami ko ɗaya da zai karɓi ruwa, shi ya sa in an yi mai ƙarfi titi ne ke zama rafi. Ɗaya daga ɗakunan wata yarinya mai ɗinki ce ke haya. Da na je gida bara, ta ce mini ɗakinta ya fi ko'ina sanyi, ko a tsakiyar bazara ba ta damuwa da fanka, ta rasa dalili. Na ce ta matso mini kujera. Ta tsayar da keken ɗinkin, na zauna, na nuna mata ƙarƙashin teburinta na ce, "Daidai nan ruwan ya fi zurfi."