Jirgin soja ya yi wa amaryarmu rakiya

Muna tsaye a bodar Jibiya, mun ɗauko amaryar ƙanena daga Maraɗi tana ta kuka cikin mayafi, sai ga rugugin jirgin soja. Ya watso ƙwallayen wuta, farin hayaƙinsu ya bazu a sama kamar zanen lalle.

Wallahi nan take na sunkuya a cikin mota. Mu nan ƙarar jirgi ba wasa ba ce.

Gwaggo Hajo kuwa ta leƙa taga ta rangaɗa guɗa.

Na ce, "Gwaggo, na soja ne fa!"

Ta ce, "To, su ma rakiya suka zo. Ɗiyata, leƙo ki ga gata!"

Amarya ta ɗaga mayafi, sai dariya.

Ku faɗa min, wa ya raka taku amaryar?